Filanti, In Ji Kakana

Ranar da aka kai Kaka makwancinsa, dariya ta kusa rinjayar kuka a ƙofar gidanmu. Ba wai mutuwar ba ta taɓa mutane ba. Mutum zai zo ya durƙusa, ya yi gaisuwa, a shafa fatiha, sai ya juya ga na kusa da shi ya ce, "To, yau mai filanti ya tafi," sai ka ji an tuntsire ƙasa-ƙasa ana istigfari. Ni ina cikin gida wajen mata, amma danga ce kawai tsakaninmu da su, ba abin da ya wuce kunnena. Mutanen Gangara sun zo da ƙafa, na Gazawa bisa jakuna, danginmu na ƙetaren iyaka ma sun iso kafin azahar, ƙafafu fari fat.

Wata tsohuwa mai daddawa ta faɗo cikin gida tana kuka har da majina. Ta ce shekara da shekaru in ta ce masa ina gajiya, ba ya cewa babu gajiya kamar kowa, sai ya ce filanti. Wani tsohon soja abokin faɗansa, wanda ya yi wa Faranshi yaƙi ya dawo da ɗingishi, ya zauna can gindin aduwa ya ƙi shiga cikin masu gaisuwa. Sai faɗi yake, "Na bar masa. Ku shaida na bar masa, tasa ta fi." Baƙin da ba su san zancen ba suka ɗauka tsufa ne ya taɓa masa kai.

Kafin a fita da gawa, liman ya tsaya bakin zaure ya ɗaga murya don mata su ji. Ya ce, "Mutanen gida, wanda mamaci ya ɓata wa, ya yafe masa." Mata suka amsa baki ɗaya, "Mun yafe, duniya da lahira." Ni bakina bai motsa ba. Goggo, ƙanwar Baba, tana gefena, ta mintsine ni a cinya har wurin ya yi shaida, na ƙi. Ina son tsohon nan fiye da uban da ya haife ni, kowa a gidan ya sani. Amma 'yan kwanaki kafin shi, ta wannan zauren aka fita da ɗana na fari a naɗe cikin ɗan ƙyalle, kuma ga rumbun gandu can tsakar gida a rufe, yadda Kaka ya ƙi buɗe shi ranar da na roƙe shi. A raina na yanke magana. Ranar da aka ɗaga jinkar rumbun nan, in an tarar ɗan kaɗan ne a ciki, to yana da hujja, zan yafe. Duk gidan suna addu'ar a tarar da shi cike, ni kaɗai nake roƙon Allah a tarar babu.

Ina wannan magana ne don kada a manta da shi, don kuma kada masu dariyar nan su tafi da rabinsa kawai.

Filanti ba Hausa ba ce, ba kuma ta Faranshi ba ce. Turancin Ingilishi ce, can kudu ya ɗauko ta yana saurayi, lokacin da ya yi haƙar kuza a duwatsun Jos. Zaman da ya yi can bai bar masa komai ba sai tabo a ƙwauri da wannan kalma guda. Wani malamin makaranta daga wajen Katsina ya taɓa sauka gidanmu, aka tambaye shi, ya ce kalmar gaskiya ce, tana nufin abu mai yawa har ya wuce buƙata. Kaka ya ce malamin ya yi ƙoƙari. Shi a wurinsa, "da yawa" magana ce ta ido, yaro ma in ya ga tsibin ƙasa sai ya ce da yawa. "Filanti kuwa," in ji shi, "sai ka ci, baƙonka ya ci, wanda ya biyo baƙon ya ci, sannan ka leƙa ƙwarya ka ga ba ka kai gindinta ba."

Amma kada ku ji wannan ku ce yana tsimin kalmar. Ina! Kamar gishiri yake barbaɗa ta. Sauro filanti, ƙaya a hanyar rijiya filanti, ƙaryar dillalan kasuwar Gangara filanti. In matan gida suka kaure da faɗa wajen turmi, sai ya leƙo ya ce, "Baki filanti, gari kaɗan." Lokacin da labari ya zo cewa Faranshi sun sauke tutarsu an ba mu mulkin kai, samari suka zo da gudu suna tambayarsa me za a samu yanzu. Ya ce, "Jawabi, filanti. Hatsi kuwa sai kun duƙa." Ruwan sama ne kawai ban taɓa ji ya ce wa filanti ba, ko a daminar da ya kwantar mana da ɗakuna. In an ce masa ruwa ya yi yawa, sai ya ɗaure fuska ya ce a rufa masa baki.

Faɗansa da tsohon soja a kan kalmar nan ne, wallahi, ba a kan gona ko mace ba. Sojan ya ce Faranshi ma suna da irinta, boku, kuma ta fi daɗin faɗa. Kaka ya ajiye goronsa.

"Boku ta kwamanda ce," in ji shi. "Aiki boku, haraji boku, bulala boku. Kai da ka bi su har bakin teku, ka taɓa ji sun ce maka tuwo boku?"

"Yo kai Ingilishin naka tuwo suka ba ka?"

"Sun ba ni."

"Ƙarya filanti!" in ji soja, ya ja ƙafarsa ya tafi.

Damina guda suka yi ba sa gaisawa. A masallaci kafaɗa da kafaɗa, a waje kowa ya kalli gabansa. Amma da ƙafar sojan ta kumbura tsakiyar noma, Kaka ne ya kwashe su Baba da sassafe suka nome masa gona tas, ya kuma hana a gaya masa. Sojan ya gane, ya aiko da zabo, Kaka ya ci zabon ya ce a gaya masa har yanzu boku ba kalma ba ce.

Ni kuwa amaryarsa ce, irin ta wasan jika da kaka. Tun ina tsirara yake cewa ya biya sadakina da ƙwai biyu na zabo, ni kuma in ce ba na auren mai haƙori ɗaya. Surukansa mata ko inuwarsa ba sa takawa, su Baba in za su yi masa magana sai sun tsuguna. Ni kaɗai nake cire masa hula in gudu. Saboda haka duk maganar da ta fi ƙarfin bakin manya, ni ake turawa.

Ga yadda gidanmu yake, kamar sauran gidajen gandu. In an yi kaka, hatsin gandu rumbu ɗaya yake shiga. Kaka ne ke shiga ciki, su Baba suna ƙasa suna miƙa masa dammuna, shi yana jerawa. Da an gama, sai a ɗora jinka, a kewaye gindin da ƙaya. Daga ranar ba mai taɓa shi sai an yi ruwan shuka, don shi ne abincin masu noma. Rani kuwa maza su tafi cin rani, kowace mace ta ci da ɗakinta daga gamanarta, 'yar gonar da take nomawa ta kanta. Ko da damina ma, Kaka ne ke hawa tsani ya sauko da damin yini. Tun da na yi wayo ban ga wani mahaluki ya leƙa cikin rumbun nan ba. In an tura ni in tambaye shi saura nawa, amsa ɗaya ce: filanti.

Daminar mulkin kai ba ta yi mana kyau ba a gefenmu. Ruwa ya ɗauke hatsi yana tsakiyar fid da kai, abin da aka yanka duk zangarniya ce siririya. Ni kuma da rani aka kawo ni gida goyon ciki, mijina ya ƙetare iyaka neman aiki. Na haihu cikin bazara, namiji. Kaka ya zo ya leƙa shi ya ce, "To, amarya ta kawo mini abokin gaba har gida." Ya tofa masa addu'a a ka, ya daɗe yana riƙe da ɗan yatsansa.

Kafin in gama wanka, hatsin Inna ya ƙare. Na sauran matan gidan ma ya ƙare. Aka koma ganyen jiga da dusa, ana jiƙa 'ya'yan itacen anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. Mai jego da ya kamata ta sha kunun kanwa har ta ture, ga ni ina lasar ruwan ganye. Nono ya fara ja da baya. Yaron ya kama, ya tsotsa, ya saki, ya yi kuka, ya sake kamawa. Daga baya kukan ma ya zama ɗan siriri kamar na mage.

Inna ta ce, "Je ki wajen mijinki, ke ce ba ya iya korarki."

Na sami Kaka da azahar a inuwar rumbun, yana tufka igiya. Na ce, "Angon ƙarya, amaryarka na jin yunwa."

"Amaryar da ta bar ni ta auri yaro? Je ki wajen yaron."

Na durƙusa. Ban taɓa durƙusa masa ba, shi ma ya ga haka, hannunsa ya tsaya. Na ce, "Kaka, nono ya ƙafe. Dami ɗaya kawai. Kunu za a dama mini, ba don kaina ba."

"Hatsi akwai," in ji shi. "Filanti."

"To, buɗe."

"Sai an yi ruwan shuka."

Na ce haba Kaka, haba, dubi sama, ko gajimare babu. Sai ya ajiye igiyar ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce ubansa mutum ne mai tausayi. Wata bazara yana saurayi, uwarsa na goyo, aka roƙi uban kamar yadda nake roƙo, ya ɗaga jinka. "Dami ɗaya aka ce ranar nan ma, amarya." Da aka ga jinka ta ɗagu, wannan ɗaki ya zo, wancan ya zo, maƙwabta suka zo, wa za ka hana? Ruwa ya yi jinkiri, da ya zo kuma fara ta biyo shi. Lokacin noma ba mai ƙarfin ɗaga hauya. Ya ce gida cike da mutane, shi da wata ƙanwarsa kaɗai suka fita da ƙafafunsu, ita ma gindin wata kuka ya bar ta a hanyar kudu. Ya isa wajen masu kuza yana rarrafe, wani Bature ya dube shi, ya nuna masa buhunan dawa jibge har rufi, ya faɗi kalmar nan. Ran nan ya fara jin ta. Ya ce a gaban buhunan ya yi wa Allah alkawari, in ya taɓa riƙe gida, jinka ba ta ɗaguwa kafin ruwa ko wa zai yi kuka.

Na ce, "Ko ni?"

Ya ɗauki igiyarsa, amma na ga tufkar warwarewa take.

Na je wajen Baba, wanda bai yi nisa ba a ranin nan, na ce ya sa baki. Baba ya ce, "Ke ba ki ga abin da muka miƙa masa da kaka ba? Filantin nan lallashi ne, don kada hankalin mata ya tashi. Abin da ke ciki da ƙyar ya kai mu noman fari. In an taɓa, gidan nan duka ya tafi." Haka kowa ya ɗauka. Saboda girmansa ba wanda ya ce ƙarya yake, amma ba wanda ya yarda da shi, shi ya sa ba wanda ya matsa masa.

Kada in zalunce shi, bai zauna ba. Ɗan abin da ake kai masa a ƙwarya, ko taɓawa ba ya yi, sai ya ce a kai ɗakin amarya. Tsoho da sanda, ya taka cikin ranar nan mai ƙona tafin ƙafa har rugar Fulani, ya dawo da 'yar madarar akuya a gora, leɓunansa sun tsage. Ya sake komawa, aka ce masa awakin ma sun ƙafe. Ya yi komai, ban da abu ɗayan da na roƙa.

Yaron ya tafi da hantsi, a cinyata. Ban sani ba ko kunu zai tsai da shi. Yara suna mutuwa a gidajen da hatsi ke zube, na sani, an kuma gaya mini har na gaji da ji. Ɗan fari ne, ba a kiran sunansa, ba a yi masa kuka a gaban mutane. Sai na zauna ido a bushe kamar wadda aka aika ta tsaron kayan wani. Da la'asar na ga ƙafafun Kaka a ƙarƙashin asabarin ƙofata.

"Amarya."

Ƙafafun suka daɗe a wurin, har inuwar danga ta rufe su, sannan suka juya. Maganarsa ta ƙarshe gare ni ke nan. Daga ranar ba wanda ya sake jin filanti a bakinsa. Ya daina zama inuwar rumbu, ya daina karɓar ƙwarya, zazzaɓi ya kwantar da shi. Goggo ta zo ta ce yana tambayata, na ce ina zuwa. Ina cikin ina zuwa aka fara salati.

Ruwan shuka ya sauko bayan sadakar uku, da yamma, mai ƙarfi, har ƙasa ta yi ƙamshi. Washegari aka janye ƙaya, maza suka sa gwafanni suka ɗaga jinka. Mata duk muka fito muka jeru jikin danga. Baba ya hau tsani, ya leƙa, ya tsaya a haka. Goggo ta ce, "Yaya, lafiya?" Bai juyo ba. Can sai ya ce a matso a karɓa.

Na bana suka fara saukowa, siraran nan da kowa ya sani. Muka ce shi ke nan. Sai ga wasu masu kauri, na bara. Sai wasu da suka yi duhu. Goggo ta kama wani dami ta juya shi, ta ce da ni, "Wannan na shekarar aurenki ne, na san shi da jan kai." Ashe kowace damina tsohon nan yana rage mana a damin yini, ragowar tana kwanciya ƙasa, sabo ya hau kanta. Aka yi ta saukewa har tsakar gida ta rasa wurin taka ƙafa. Na can ƙasa kuwa gara ta gama da su, Baba yana ɗagawa suna zubewa gari, ko jaki ba zai ci ba. Abin da gara kaɗai ta ci ya isa a yi wa masu jegon unguwarmu kunu har su yaye.

Maƙwabta suka leƙo ta kan danga suna "Allahu akbar, ashe gaskiya yake faɗa." Wata matar ƙanin Baba ta fara guɗa, Inna ta rufe mata baki da tafin hannu. Baba ya sauko daga tsani, ya zo ya tsuguna a gabana, uba a gaban 'yarsa. Ni kuwa ko dubansa ban yi ba. Ina ta kallon garin nan da iska ke kwasa daga gindin rumbu.

Ran nan Goggo ta yi sussuka da kanta, ta dama kunun kanwa ta kawo mini cike da ƙwarya. Na so in ture, wallahi na so. Amma yunwa nake ji. Na sha, na lashe ludayi, da safe aka kawo fura na sha, da rana tuwo. Duk gidan fuska ta fara sakewa, yara suka koma guje-guje.

Ana gobe sadakar bakwai, ina tsaye bakin turmi ina dakan gumbar sadakarsa, sai na ji ƙirjina ya yi nauyi, yana tsikari. Na duba, zanena ya jiƙe gaba ɗaya. Nono ne, yana zuba da kansa har kan ƙafata. Na saki taɓarya. Kukan da ban yi ba ranar yaron, ran nan ya zo, a gaban kowa, ba kunya ba komai.

Goggo ta ja ni bayan ɗaki, ta tsugunar da ni, ta taya ni tatsewa a ƙasa. Ƙasar tana sha, wani yana zuwa. Ita ma kuka take. Ta ce, "Ɗiyata, ubana ne, na san abin da ya yi. Ki yafe masa, yana can yana jira."

Na buɗe baki, na rantse da Allah na buɗe, abin bai fito ba.

Yanzu shuka ta fito, an shiga noman fari, masu noma suna cin hatsinsa suna sa masa albarka. Allah ya jiƙan Kaka, ya sanyaya masa ƙasa, ya kai shi inda ba a jiran ruwa kafin a ci. Wannan ina faɗa da zuciya ɗaya, safe da yamma, don kewarsa nake kamar in yi hauka. Ɗayar maganar ce har yau ba ta zo ba. Kullum da safe Goggo takan shigo ta ɗaure mini ƙirji da zane, ta dube ni, ba ta tambaya da baki. Ni kuma in ce mata ta ƙara tamkewa, bai tsaya ba tukuna.